Kwalbar Alhaji Mudi

Ku 'yan koyon nan da ake turo mana duk shekara, na ji abin da kuke faɗa a bayan ɗakin hoto. Kunnuwana manya ne, ina zaune a unguwar Uwani nake jin ana gulmata a Abakpa, can wani gefen Inugu. Wai aikin Malam Sabo ko akuya ta samu kujera za ta yi: a ɗora haɓa, a kalli fitila, ƙyas, a tashi. To madalla. Shekara ashirin da biyu ke nan ina leƙa cikin idanun mutane, kuma har yau akwai idon da yake sa ni zufa a ɗaki mai sanyi. Tunda kun fi son karatu a waya da sauraron mai furfura, ga shi na rubuta. Wanda ya gama karantawa ya zo ya ce mini akuya.

Abin da muke ɗauka ba ƙwayar idon da budurwa take juyawa ba ce. Can ƙuryar ido muke shiga, inda jijiyar gani ta taru ta fita zuwa ƙwaƙwalwa. Kan jijiyar nan zagaye yake, da ɗan rami a tsakiya. Ciwon gilakoma, wanda mutanenmu suke kira hawan jinin ido, shi ne yake cin naman da ke kewaye da ramin, ramin yana faɗi, naman yana sirancewa. Ba ya ciwo, ba ya ƙaiƙayi, ba ya sa ido ja. Ta gefe yake fara cin gani, mutum yana yawonsa yana cewa garau yake, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Shi ya sa hoto ɗaya ba ya faɗin komai. Sai ka ajiye na bara kusa da na bana, ka gani ko ramin ya motsa.

Ni a Anacha na fara, da hoton fasfo, a wata rumfa da in na yi atishawa sai labulen baya ya faɗi. Wata rana na raka ƙanen babana asibitin ido don in yi masa tafinta. Likitan, wani dattijo ɗan ƙabilar Ibo, ya ga kyamara a wuyana ya ce, "You sabi camera?" Na ce, "Oga, na me born camera," wato ni na haifi kyamara. Ya yi dariya har sai da ya cire tabarau. Washegari ya zaunar da ni gaban wata na'ura mai girman ɗan maraƙi, ya ba ni idon roba ya ce in ɗauko masa abin da ke ciki. Wata guda ina ɗaukar duhu. Da na fara samun wani abu sai ya ɗora tasa haɓar ya ce in gwada da idonsa. Na haska wa bawan Allah nan fitila har sai da ya riƙa gaisar da taurari da azahar. Lokacin fim ake sawa, sai an kai Fatakwal an wanko, sati biyu kana jira, a kawo maka ka tarar gashin idon mutum ka ɗauka sau talatin da shida. Shi ne daga baya ya turo ni Inugu wajen wani ƙaninsa a aiki da ya buɗe asibiti a Uwani, wannan Doktan da kuke rawar jiki in ya yi tari.

Wani malamin allo na taɓa ɗauka sau goma sha ɗaya a zama ɗaya, kowane hoto ya fito kamar an ɗauke shi daga bayan keke mai ƙafa uku a hanyar Abakpa. Na duba na'ura, na goge gilashi, na zargi wutar lantarki. Sai can na lura leɓensa yana motsi. Tasbihi yake yi, haɓa tana rawa a kan inda ake ɗora ta. Na ce, "Allah gafarta Malam, a ba ni aron numfashi biyu, mala'iku za su jira." Ya ce, "Kai dai ba ka da ta ido." Amma ya tsaya, hoto ya fito. Wannan babu littafin da zai koya muku. Haka mai kwalli, in ba ka sa ya goge ba zai bar maka baƙi a jikin komai. Haka mai keke, in ka ɗiga masa maganin buɗe ido ba ka gaya masa zai yi awa huɗu yana ganin hazo ba, ka kashe masa wuni, kuma zai gaya wa duk tasha cewa a Uwani ake makantar da mutane. Akwai mai runtse ido tun kafin ka taɓa komai. Akwai mai bin fitilar da ba ita aka ce ya bi ba. Duk da baki ake kama su, kuma bakin nan Allah ya ba ni shi har da ƙari.

Alhaji Mudi dillalin shanu ne a kwata, mutumin Azare, ya fi shekara talatin a Inugu. Ran da aka fara kawo shi, idon hagu ya riga ya tafi, shi bai ma sani ba sai da wani sa ya zo masa ta wannan gefen ya zubar da shi. Na ɗauki na dama, na ga ramin ya yi faɗi amma akwai sauran nama. Dokta ya yi ta Turanci, Alhaji yana gyaɗa kai irin na ladabi. Na ce, "Alhaji, ka san in an sare ƙashin ƙafar sa, ga rami a tsakiya, ga ƙashi a kewaye?" Ya ce, "Ni za ka gaya wa?" Na ce, "To naka ramin yana faɗi, ƙashin yana sirancewa. Na hagu ya ƙare. Na dama muke so mu tsayar." Ya ce, "Yanzu na ji magana." Aka rubuta masa maganin ɗigawa, kwalba ɗaya duk wata, ɗigo ɗaya kullum har ƙarshen rai. Duk wata uku ya zo in ɗauki hoto.

Shekara tara ina ɗaukar idon nan. Na san shi fiye da yadda na san hanyar gidan surukaina. Kuma ta dalilin Alhaji duk Hausawan garin suka san ni. Masu albasa da tumatir na kasuwar Ogbete, mahauta, masu canji, limamai, duk wanda idonsa ya yi ƙaiƙayi sai a ce ya je wajen Dokta Sabo. Ban taɓa cewa ni dokta ne ba. Ban dai taɓa hana kowa faɗa ba. In na shiga Ogbete sayen barkono sai na yi awa biyu, wannan ya buɗe mini ido da yatsu a tsakiyar hanya, wancan ya jawo uwarsa. Har tuntuɓe mutum zai yi ya ce bari ya tambayi Sabo.

Sai muguwar shekara ta zo, kuma a cikin akwatin katako ta zo. Dokta ya sayo sabuwar na'ura. Sunanta O.C.T., amma kowa sikana yake ce mata. Ita ba hoton fuskar jijiya kawai take ɗauka ba, kaurin naman take aunawa, abin da ya fi silin gashi siranta, ta fitar da takarda mai launi: kore lafiya, rawaya a kula, ja an yi ɓarna. Yawancin mutane ma ba sai an ɗiga musu maganin buɗe ido ba, kuma babu walƙiya. Da na gan ta na ce to, Allah ya kawo wa Sabo hutu. Na sayi sabon takalmi saboda ita.

Ashe da mai ita ta zo. Rakiya, haihuwar Abakpa, 'yar wani mai gyaran agogo, ta yi karatun aikin ido ta dawo da takardu. Kun san ta, ita ce take koya muku da safe kuna rubutu kamar ana saukar da wahayi. Yarinyar nan tana jin Hausa, tana jin Ibo kamar a bakinta aka ƙirƙiro shi, tana jin Turancin likitoci, ta juya ta yi Pidgin da masu shara. Ni Ibo ɗina iyakarsa cinikin doya. Ranar farko ta durƙusa ta gaishe ni ta ce, "Kawu Sabo, ina kwana?" Kawu! Ni da ake ce wa Dokta daga nan har gadar Anacha.

Cikin wata biyu layina ya koma ƙofarta. Matan da shekara da shekaru nake roƙon mazansu su kawo su, ana ce mini ba za su sa fuska kusa da fuskar namiji ba, sai ga su mota-mota da lulluɓi da kwanukan abinci. Maza kuma takarda mai launi suka gani suka haukace. Mutum ya fito yana ɗaga ta sama yana cewa, "Kore! Duk kore!" kamar ya ci zaɓe. Nawa hoton kuwa jan da'ira ne kawai, wani mai albasa ya ce kamar wainar da ba ta soyu ba. Na shiga Ogbete na sayi barkono na fito a minti biyar. Mutum ɗaya ne ya tsayar da ni, shi ma tambayata ya yi ko Dokta Rakiya tana zuwa ranar Asabar.

Alhaji Mudi dai bai bar ni ba. In ya zo ɗakina yake fara shiga, mu gaisa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, in tsokane shi da cewa shanunsa duk ƙashi ne, ya ce ai irin jikina suka ɗauko. Amma Dokta ya ce kowane mai gilakoma sai an yi masa sikana shi ma. Aka yi masa sau ɗaya, sau biyu, a na uku Rakiya ta shigo ɗakina da takardu uku ta jera a kan teburina.

"Kawu, dubi nan. Naman yana raguwa. Kowane zuwa sai ya ragu."

Na jawo nawa hotunan na jera a kan nata. "Ni ban ga abin da ya motsa ba. Shekara tara ina kallon idon nan, ke wata tara."

"Haka ne, Kawu. Amma abin da take aunawa ido ba ya kama shi sai ya yi yawa."

"Idon wa?"

Ta kwashe takardunta ta kai wa Dokta. Abin da ya ɗaure wa kowa kai shi ne, duk ran da aka auna ƙarfin ruwan idon Alhaji sai a same shi daidai, kamar na jariri. In magani yana aiki, me yake cin jijiyar? Rakiya ta tambaye shi a gabana, "Baba, kana sayen maganin?" Ya ce, "Duk ɗaya ga wata, 'yata." Ta ce, "Kana ɗigawa?" Ya zaro kwalbar daga aljihun gaba ya nuna mata, sabuwa fil. Ni kuwa a raina na ce na'urar ce take ƙarya, kuma na ji daɗi har sai da na ƙara cokali biyu na shinkafa da rana.

Bayan Babbar Sallah da kwana kaɗan na je kwata sayen kayan ciki. In ba ku taɓa zuwa wajen masu babbaka ba, ku je ku ga abin da ake kira hayaƙi. Mutum yana fitowa daga ciki kamar an tono shi daga ramin gawayi, ido jawur, hawaye har gemu. Na tarar da Alhaji a rumfarsa, aka shimfiɗa mini buhu, muna cikin gaisuwa sai ga Ɗanladi mai babbaka, ƙato ne, hannunsa ɗaya ya yi cinyata. Ya durƙusa ya ce, "Alhaji, a taimaka da na ido." Alhaji ya sa hannu a aljihu ya miƙa masa kwalbar. Ɗanladi ya ɗaga kai, ɗis, ɗis, ɗis, uku a dama, uku a hagu, rabi yana bin kumatu. Ya matse ido ya ce, "Kai! Wannan shi ne magani, har cikin kai yake cizo." Bai rufe baki ba wani ya karɓa. Daga shi sai wani direban tirela. Ina zaune kwalbar nan ta zaga mutum biyar ta dawo aljihu.

Sai na dubi Ɗanladi da kyau. Maganin da Alhaji yake sawa yana da wata ɗabi'a, in mutum ya daɗe yana ɗiga shi gashin ido yana tsawo ya yi baƙi. Jama'a, gashin idon Ɗanladi ya isa a share masallaci da shi. In ya ƙifta sai ka ji iska. Ƙato mai wuƙa a ƙugu, da idon amarya. Na waiga na dubi na Alhaji, mai maganin, gajeru kamar na kowa.

Na ce, "Alhaji, kwalbar nan kwana nawa take yi maka?"

"Wani sa'in goma, wani sa'in takwas in an yi yanka da yawa."

"In ta ƙare fa?"

"Sai in jira wata ya mutu. Ai kai ka gaya mini da bakinka, kwalba ɗaya duk wata. Ni ba na ƙetare maganar likita."

Nan take lissafin ya fito mini. Ɗaya ga wata yake sayen sabuwa. Ni kuma da hannuna nake rubuta masa ranar zuwa asibiti a satin farko na wata, saboda lokacin ne tireloli ba su cika sauka ba. Ke nan duk ran da muka auna shi yana cikin kwanakin magani. Sauran kwana ashirin ido yana zaune babu mai tsaro. Na'urar Rakiya gaskiya take faɗa, ba ta dai san dalili ba. Ni kaɗai na sani a duk faɗin Inugu.

Na ce masa, "Alhaji, ka daina rabon nan, ka mai da kwata gidan kwalliya." Rumfa ta kwashe da dariya, Ɗanladi yana rufe fuska. Alhaji ya ce, "Sabo ke nan. Mutum ya zo da ido kamar garwashi, magani yana aljihuna, in ce masa babu? Ai sai in bar garin." Aka ƙara dariya, aka ɗaure mini kayan ciki har da gyara. Ku lura da wannan, ku masu son a ce kuna da ban dariya. Wanda ya saba ba mutane dariya, ran da ya zo da magana mai nauyi sai ya sauke murya ya maimaita sau uku. Ni sau ɗaya na faɗa, ina washe baki.

A cikin keke ina dawowa na shirya yadda zan gaya wa Dokta. Na iso asibiti na tarar an fito da kyamarata daga ɗakin da ta yi shekara goma sha uku, an kai ta lungun da ake ajiye tsintsiya da bokiti, wai sikana tana bukatar ɗaki mai sanyi sosai. Ga Dokta tsaye da wasu baƙi likitoci biyu, hannunsa a kan na'urar, yana nuna Rakiya yana cewa yarinyar nan ta gano abin da ya shekara yana wucewa ta ƙarƙashin hancinmu. Hancinmu! Hanci ɗaya ne a asibitin nan da ya kai a yi maganarsa, kuma a fuskata yake.

Sai na ce to, tunda na'ura ta san komai, ta gaya musu Ɗanladi. Na yanke shawara zan bari sai zuwan Alhaji na gaba, in an taru an rasa ta cewa, an juya takarda mai launi sama da ƙasa, sai in gyara murya daga lungun tsintsiya in warware musu. Har na zaɓi rigar da zan sa. Na ce wata biyu ne da 'yan kwanaki, idon da ya yi shekara tara me wata biyu za su yi masa.

Ranar ta zo, Alhaji bai zo ba. Ya tafi arewa sayen shanu, daga can aka yi masa rasuwa, ya zauna. Na kira wayarsa sau biyu ba ta shiga ba, na bari. Wata biyu suka zama shida.

Ran da ya dawo ina lungu ina goge gilashi na ji ƙarar kujera ta faɗi. Alhaji ne ya yi karo da ita a tsakiyar falo, kujerar da take nan tun kafin a haifi wasunku. Ya tsaya yana ba kujera haƙuri, ya ɗauka mutum ne. Na kama hannunsa na zaunar da shi gaban kyamarata. Wannan karon ban bukaci na bara ba. Naman da ke ƙasan ramin, wanda na sani kamar tafin hannuna, ya zama zare. Takardar Rakiya ta fito ja kamar an yanka kaza a kai.

Dokta ya kira mu ofis, ni da ita, ya rufe ƙofa. Ya ce magani ya gaza, ƙarfin ruwa daidai amma jijiya tana mutuwa, saura aiki. Kuma yi wa mai ido ɗaya aiki, idon ma ya kai haka, abu ne da shi kansa ba ya so, don akwai wanda ake kwance wa bandeji ya tarar ɗan abin da ya rage ma ya tafi. Ya jawo takardar sa hannu.

Ba rigar da na zaɓa ce a jikina ba, wata tsohuwar shadda ce mai tabon manja. Na ce, "Oga, maganin bai gaza ba. Ba ya samun sa ne." Na faɗi komai, da hayaƙin, da direban tirela, da gashin idon Ɗanladi. Babu wanda ya yi dariya, karo na farko a tarihina. Dokta ya ce, "Since when you know this thing?" Na ce tun bayan Sallah. Ya dube ni, ya dubi kalanda, ya mayar da takardar cikin durowa, ya buɗe mana ƙofa. Da ma zagina ya yi.

A waje Rakiya ta tare ni. Na shirya jin wa'azi. Sai ta ce, "Kawu, yanzu ya za a yi? In na ce masa ya daina bayarwa zai ce to, kuma ba zai daina ba. Kai ka san su." Ku ji fa. Ko damar in ji haushinta ba ta ba ni ba. Irin wannan mutum ai zama da shi wahala ne.

Na ce ba za a hana Alhaji kyauta ba, sai dai a canza abin da yake kyautar da shi. Dokta ya rubuta wani ruwan wanke ido mara illa, babbar kwalba, wannan ita ce ta aljihun gaba, ta jama'a. Ta gaskiyar kuma a bar ta a gida wajen matarsa Hajiya, ita za ta riƙa ɗiga masa da hannunta bayan sallar isha'i, in ta ƙare a sayo wata ko da ranar bakwai ga wata ce. Na canza masa ranar zuwa ta koma ƙarshen wata. 'Yan kwata suka yi ƙorafi wai sabon maganin ba ya cizo, Alhaji ya tsufa ya fara sayen na banza. Rakiya ta ce to duk wanda ya taɓa ɗiga tsohon ya zo a duba shi, don akwai magungunan gilakoma da in mai asma ya ɗiga numfashinsa zai iya sarƙewa, kuma ba a wasa da su. Suka zo ranar wata Asabar su goma sha huɗu, asibiti ya yi kwana uku yana ƙamshin babbaka. A cikinsu aka sami biyu da ciwon ya fara ci ba su sani ba. Labari ya zaga Ogbete cewa Dokta Rakiya ta gano ciwo a kwata ta hanyar duba gashin ido. Gashin idon da ni na gani! Har yau in na tuna sai na ajiye cokali.

Ba a yi wa Alhaji aiki ba. Sikana uku a jere layin ya tsaya cak, nawa hoton ma ya tsaya. Abin da ya tafi a wata shidan nan dai ya tafi. Na tambayi Dokta ko da na yi magana da wuri da an tsira da shi. Ya ce babu likitan da zai rantse, amma shi da zai so a ce an gwada.

Bayan na ukun ne na je kwata. Na shiga rumfa na yi sallama na zauna a kan buhu ta hagunsa, inda a da idon dama yake ɗan hango ni, ya amsa yana waige-waige yana neman inda nake, sai da ya juyo da kansa gaba ɗaya ya same ni. Aka gaisa, aka tambayi iyali. Ya sallami mutanen da ke wurin, abin da bai taɓa yi ba.

"Sabo, Hajiya ta ce yarinyar nan ta ce kai ka gano maganar kwalba."

"Ni ne, Alhaji."

"Ran da ka zo sayen kayan ciki."

"Ranar."

"Ka gaya wa likita a ranar?"

Ina da amsoshi guda goma a baki, kowace ta isa ta sa shi dariya. Na ce, "A'a, Alhaji. Sai da ka dawo daga arewa."

"Me ya hana?"

"An kai kyamarata lungun tsintsiya."

Ya daɗe yana murza carbi. Can wani sa ya yi kuka a bayan rumfa, ya ce wa wani da ban gani ba a ba jan nan ruwa, da jin muryarsa ya san wanne ne. Sannan ya ce, "To. Ni ma da ka faɗa mini dariya na yi. Allah ya yafe mana baki ɗaya." Na ce amin. Na yunƙura zan tashi ya riƙe mini riga.

"Amma tashi ka zagayo nan. Daga yau in ka zo, ta dama za ka riƙa zama. Wancan gefen babu kowa a cikinsa yanzu."

Na tashi na ɗauki buhuna na zagaya.